Hannun Da Yake Mutuwa Da Dare

Wani dare cikin hunturun 2022, wajen ƙarfe 2, na farka na ji gado yana motsi. Na haska tocila, sai na ga uwargida zaune tana yarfa hannunta na dama kamar wadda ta taɓa garwashi. Na ce, "Lafiya?" Ta ce, "Ba kome, Malam, sauro ne. Koma ka kwanta." Na kuwa koma na kwanta. Sai da gari ya waye, ina tsaye gaban allo ina koya wa 'yan aji 4 lissafi, sa'an nan na tuna cewa cikin gidan sauro muke kwana, kuma a wannan sanyi ko kukan sauro ba a ji.

Ina so in ba ku labarin wannan hannu, ya ku masu karatu, gama na tabbata akwai irinsa a gidaje da yawa, ana yarfa shi da dare ba wanda ya sani.

Ni malami ne a 'yar makarantar ikilisiyarmu a Taloka, cikin ƙasar Goronyo. Wanda ya san albashin malamin irin wannan makaranta ya san ba ya kai mutum ƙarshen wata. Abin da yake riƙe da gidanmu shi ne ƙuli-ƙuli da man gyaɗa na uwargida. Sau 2 a mako takan soya gyaɗa, ta murje, ta sheƙe, a kai niƙa. In an dawo da ita sai ta zuba a turmi, tana yayyafa ruwan zafi tana juyawa, sa'an nan ta shiga matsar tunkuza da hannu har mai ya gama fita. Daga nan sai mulmulawa da suya. Ban da wannan ga surfe, ga jan guga, ga wankin mutum 7, ga tuƙin tuwo kowace yamma. A nan bakin gulbin Rima kuma rani ba lokacin hutu ba ne, gama da an kau da amfanin damina sai a shiga albasa da tafarnuwa, mu ma muna da ɗan fegi a fadama. Kuɗin makarantar babbar 'yarmu da take karatu a Sakkwato daga wannan turmi yake fitowa. Shekara 19 ina cin moriyar hannun nan, amma ban taɓa tsayawa na dube shi ba.

Bayan wannan dare na fara lura. Na ga ta daina yi wa 'yan matanmu kitso, tana aika su maƙwabta. In za ta zura zare a allura sai ta kira yaro. Rigata ta makaranta ta yi mako 2 ba maɓalli. Abin da ya fi ba ni mamaki, autanmu da ya saba cin tuwo a kwano ɗaya da ita, yanzu sai ta zuba masa nasa dabam, ta ce ita ba ta jin yunwa tukuna. Ta kuma ware moɗa guda ta rataye can bayan ɗaki. In na tambaya sai ta kau da zance.

Ranar da asiri ya tonu, wata Asabar ce da safe. Ta sauke butar ruwan zafi daga murhu, sai butar ta suɓuce daga hannunta, ta faɗi dab da ƙafar autan. Allah ya kiyaye, ruwan bai taɓa shi ba. Ita kuwa ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Na kori yara waje, na zauna kusa da ita, na ce, "Uwargida, yau sai kin faɗa mini." Da ƙyar ta buɗe baki. Ta ce, "Malam, ina jin ciwon Gwaggo ne ya kama ni."

Na gane nan take. Gwaggonta ta yi fama da kuturta, ta yi shekaru tana jiyya a Amanawa, kusa da Sakkwato, tun zamanin da 'yan mishan suke lura da wurin. Uwargida tana ƙarama ta ga hannuwan gwaggon, ta kuma ji ana cewa da mutuwar yatsu abin ya fara. Saboda haka da ta ji nata yatsun suna mutuwa, sai ta yanke wa kanta hukunci. Kusan shekara guda tana ɗauke da wannan tsoro ita kaɗai. Ta je wurin mai kemis a ɓoye, ya sayar mata da ƙwayoyin ciwon jiki har sau 4. Ta sa wanzami ya yi mata ƙaho a dantse. Ta shafa man zafi har fatarta ta saɓule. Moɗar nan da ta rataye bayan ɗaki kuwa, don kada ta shafa wa 'ya'yanta ne. Ban taɓa jin kunyar kaina kamar ta wannan rana ba. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane kiwon lafiya a aji, ga ciwo a kan gadona, na yarda sauro ne.

Ran Litinin na nemi izini wurin hedimasta, muka yi sammako zuwa Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Likitan da ya gan mu ya fara da duba fatarta, baya da hannuwa da ƙafafu, yana neman tabo mai haske. Bai sami ko ɗaya ba. Ya sa ta rufe ido, yana taɓa ta da auduga nan da can, tana faɗin inda ta ji. Sa'an nan ya ce, "Mama, waɗanne yatsu ne suke mutuwa? Nuna mini ɗaya ɗaya." Ta nuna babban yatsa, da manuni, da na tsakiya, da gefen na zobe. Ya ce, "Ƙaramin fa?" Ta yi shiru tana tunani, ta ce, "Shi kam lafiyarsa lau." Ya ɗan ƙwanƙwasa tsakiyar wuyan hannunta ta wajen tafi, sai ta zabura ta ce kamar minjirya ta taɓa ta har ƙarshen yatsu. Ya sa ta haɗa bayan hannuwanta biyu a gaban ƙirji, yatsu suna duban ƙasa, ta tsaya haka minti 1. Kafin mintin ya cika ta ce ga abin nan ya zo. Ya aika aka gwada jininta don ciwon sukari, aka ga babu. Da muka komo ya dube ta ya ce, "Mama, wannan ba kuturta ba ce. Jijiya ce ta matse a wuyan hannu." Ta sake yin kuka, amma ba irin na ran Asabar ba.

Bari in bayyana muku abin kamar yadda aka bayyana mana, da abin da na ƙara karantawa daga baya. A wuyan hannun kowane mutum akwai ƙananan ƙasusuwa 8, an jera su kamar kwarmi. A bisa kwarmin, ta wajen tafi, akwai wani tsiri mai tauri da ya rufe shi. Wato dai kamar kwalbatin da ruwa yake bi a ƙarƙashin hanya. Ta cikin wannan kwalbati igiyoyi 9 suke wucewa, su ne masu lanƙwasa yatsu sa'ad da tsokar hannu ta ja su. Tare da su kuma akwai jijiya 1, ita ce mai kai ji ga babban yatsa, da manuni, da na tsakiya, da rabin na zobe. Ita ce kuma take ba da ƙarfi ga tudun naman nan da yake gindin babban yatsa. Ƙaramin yatsa wata jijiya dabam take lura da shi, shi ya sa likita ya tambaya. To, abu 10 ke nan a ƙofa ɗaya, ƙofar kuwa ba ta buɗuwa. In rigar igiyoyin ta kumbura, wuri ya ƙure, jijiyar ce take shan matsi, gama ita ce mai taushi a cikinsu. Likitoci suna ce da wannan ciwo "kafal tanel" da Turanci. Mu a gida sai muka riƙa ce da shi matsewar jijiyar wuyan hannu.

Dalilin da ya sa ya fi tashi da dare shi ne, yawancinmu in mun yi barci mukan naɗe hannu a ƙarƙashin kai ko a ƙirji, wuyan hannu a lanƙwashe. Lanƙwasawar nan tana ƙara tsuke kwalbatin. Shi ya sa mutum yakan farka ya ji yatsu sun sage, ko kamar kiyashi suna yawo a ciki, sai ya yarfa hannun kafin ya ji sauƙi. Ciwon ya fi kama mata, wajen ninki 3 na maza. Yakan zo wa masu juna biyu, musamman a watannin ƙarshe, kuma sau da yawa yakan tafi da kansa bayan haihuwa. Yakan zo wa masu ciwon sukari, da masu ƙiba, da masu ciwon gaɓoɓi, da wanda ya taɓa karaya a wuyan hannu. Yakan kuma zo wa masu aikin damƙa da matsa da murɗa dukan yini, da masu riƙe abin da yake karkarwa, kamar kan babur ko injin niƙa. Ba sabon ciwo ba ne. Tun 1854 wani likitan Ingila, James Paget, ya rubuta labarin matsewar wannan jijiya. Gwajin haɗa bayan hannuwa kuwa sunan wani likitan Amurka yake ɗauke da shi, George Phalen, wanda a 1966 ya ba da bayanin hannuwa 654 da ya duba cikin shekara 17.

Likita ya ce nata bai yi nisa ba tukuna, gama mutuwar tana zuwa tana tafiya, naman gindin babban yatsa kuma bai rame ba. Ya ce abu 3 za mu yi. Na fari, ta riƙa ɗaura wani ɗauri da dare, mai ɗan ƙarfe a ciki, wanda zai riƙe wuyan hannu a miƙe kamar yadda karan ɗori yake riƙe karaya. Na biyu, motsa hannu, sai ya tura mu sashen gashin ƙashi a koya mata. Na uku, a rage wa hannun aiki. Da ya zo kan na ukun, ni ya duba, ba ita ba.

Wata ma'aikaciya ce ta koya mata motsin, ni kuwa na fid da biro ina rubutawa. Iri 4 ne. Ga su yadda muke yi har yanzu. Kafin a fara, a tsoma hannu cikin ruwan ɗumi, ba mai zafi ba, na kamar minti 10 zuwa 15. A zauna a miƙe, kafaɗu a sake.

Na fari, miƙa ta baya. A miƙe hannu gaba, gwiwar hannu a miƙe, a ɗaga tafi kamar ɗan sanda yana tsai da mota. A sa ɗaya hannun a jawo tafin baya a hankali, har a ji ɗan ja a cikin hannu. A ƙirga 15 sannu sannu, a saki. A yi sau 5.

Na biyu, miƙa ta gaba. Hannu yana miƙe kamar dā, amma a sunkuyar da tafi, yatsu suna duban ƙasa. A sa ɗaya hannun a jawo bayan hannun zuwa jiki a hankali. A ƙirga 15, a saki, sau 5. Waɗannan biyu ana yinsu har sau 4 a yini, sun kuma dace a yi su kafin a kama taɓarya ko muciya.

Na uku, zamiyar igiyoyi. Amfaninsa shi ne igiyoyin nan 9 su riƙa zamewa cikin kwalbatin ba tare da sun manne ba. A ɗaga hannu, wuyan hannu a miƙe, yatsu a tsaye a haɗe. Daga nan a lanƙwasa gaɓoɓin sama kaɗai, yatsu su zama kamar ƙugiya. Sa'an nan a dunƙule duka kamar ɗan dambe, amma ba da ƙarfi ba. A buɗe. Yanzu a karya yatsu daga gindinsu kaɗai, su kwanta a miƙe kamar rufin rumfa. Daga nan a sauko da kawunansu su taɓa ƙasan tafi. A kowane mataki a ƙirga 3. A yi zagayen sau 5 zuwa 10, sau 2 ko 3 a yini.

Na huɗu, zamiyar jijiya. Wannan mataki 6 ne, kuma shi ya fi bukatar hankali. A dunƙule hannu, babban yatsa a waje. A buɗe yatsu a miƙe, babban yatsa a manne da gefen manuni. A tanƙwara tafin baya. A ware babban yatsa gefe. A juya hannun, tafi ya dubi sama. Daga ƙarshe a sa ɗaya hannun a ɗan ja babban yatsan kaɗan. A kowane mataki a ƙirga 5. A yi zagayen sau 10 a yini.

Ma'aikaciyar ta ja mana kunne a kan abu guda, ni ma ina ja muku. Wannan motsi ba kokawa ba ne. Ɗan ja ake so a ji, ba zafi ba. In yatsu suka ƙara mutuwa, ko zafi ya tashi ya ƙi kwantawa, a rage, in bai daina ba a tsaya a koma asibiti. Jijiyar da take a matse ba ta son a fizge ta. Ta kuma faɗa mana gaskiya, cewa motsin shi kaɗai ba kowa yake warkarwa ba. Yana taimakon wanda ciwonsa bai yi nisa ba, kuma ya fi amfani in an haɗa shi da ɗaurin dare da rage aiki. Ta ce a gwada na mako 4, a komo.

Da muka dawo gida na sami bayan wani tsohon kalanda, na zana hannuwa da dukan matakan, na manna a bangon ɗaki. Aikin malami ke nan. Da asuba in na ɗora ruwan koko sai in ɗebi na ɗumi a kwano in kawo mata. Yara suka ɗauki abin wasa, suna zagaye ta suna ƙirgawa da ƙarfi, autan yana dunƙule hannu yana cewa shi ne sarkin dambe. Mako na fari ba ta ga wani canji ba. Ɗaurin ma ya dame ta, takan kwance shi cikin barci. Ran nan ta ce, "Malam, wannan rawar yatsu ce kawai. Da allura suka yi mini." Na ce ta yi haƙuri, sannu ba ta hana zuwa. A gaskiya ni ma zuciyata ta fara shakka, amma ban faɗa mata ba.

Abu na ukun nan da likita ya faɗa shi ne ya fi wuya, gama shi ne ya taɓa aljihu, ya kuma taɓa girman kai. Muka zauna da yara na ce daga yau kowane namiji a gidan nan shi zai wanke tufafinsa, har da ni. Jan guga ya koma kaina da babban ɗanmu. Surfe muka riƙa kai wa inji. Na naɗe muciya da taɓarya da tsumma don mariƙin ya yi kauri, gama abu mai kauri ba ya bukatar damƙa da ƙarfi kamar siriri. Ƙuli-ƙuli muka mai da shi sau 1 a mako, matsar tunkuza kuma babban ɗanmu ya karɓa, ita tana zaune tana nuna masa. Aikin da ya rage mata, in ta yi kamar rabin awa sai ta ajiye, ta buɗe yatsu, ta yi miƙa ta fari da ta biyu, sa'an nan ta ci gaba.

Ranar farko da na fita da guga, wani maƙwabcinmu ya tsaya yana dariya, ya ce, "Malam, yau kuma an yi juyin mulki a gidan?" Na ce, "An yi, ni aka ba ma'aikatar ruwa." Muka yi dariya tare, amma ba zan ɓoye muku ba, abin ya sosa mini rai. Bayan kwana 3 kuma na gane wani abu. Guga 14 nake ja kafin randunan gidanmu su cika, tafina har ya yi kanta. Ita kuwa haka take yi kullum, kafin ma ta fara sauran aiki. Kuɗin shiga ya ragu ƙwarai. A wannan zango sai da muka sayar da akuya kafin muka biya kuɗin makarantar 'yarmu. Uwargida ta ji zafin wannan fiye da ciwon hannun, ta ce ta zama kaya. Na ce mata gara akuya ta tafi da hannu ya tafi.

Cikin mako na uku, wata safiya ta tashe ni tana murmushi. Ta ce, "Malam, ka san ban farka ba jiya?" Shi ne barcinta na farko har asuba cikin watanni. Da mako 4 suka cika muka koma asibiti, aka ce ta ci gaba da ɗaurin da motsin. Wajen wata 3 ta zura zare a allura da kanta, ta ɗinka mini maɓallin nan. Moɗar bayan ɗaki tuni ta koma cikin sauran kwanuka.

Kada in sa ku zaci kowa haka nasa zai ƙare. Da labari ya bazu cikin unguwa, mata suka riƙa zuwa wurin uwargida ta nuna musu motsin. A cikinsu akwai wata dattijuwa mai kitso da saƙar faifai. Ta miƙo mini hannunta ta ce, "Malam, nau hannun ya daɗe da mutuwa, dare da rana duk ɗaya." Na duba, sai na ga tudun naman gindin babban yatsanta ya lotsa, ya zama kamar rami. Ba ta iya ɗaukar tsabar kuɗi daga ƙasa. Na ce, "Inna, naki ya wuce zanen kalandata. Sai asibiti." Da ƙyar 'ya'yanta suka kai ta Sakkwato. Aka yi mata ɗan aiki, wato aka tsaga tsirin nan da ya rufe kwalbatin don jijiya ta sami sarari. Ba a sa ta barci ba, hannun kaɗai aka kashe, ba ta kuma daɗe a can ba. Zafin dare ya tafi, ta sami barci, amma ƙarfin babban yatsan bai komo duka ba, gama jijiyar ta daɗe a matse. Da ta je shekara 3 ko 4 kafin nan, da labarin ya bambanta.

Saboda haka ga alamun da in an gan su ba a tsayawa motsa hannu a gida. In mutuwar yatsu ta zama ba dare ba rana. In naman gindin babban yatsa ya fara ramewa. In abubuwa suna yawan suɓucewa daga hannu. In an yi mako 4 zuwa 6 ana ɗauri da motsi ba sauƙi. Tsakanin motsi da aiki ma akwai wata allura da likita yakan yi a wuyan hannun don kumburi ya sauka, amma likita ne kaɗai zai yi ta, ba mai kemis ba. In kuwa hannu ya mutu farat ɗaya, tare da ƙafa, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, wannan wani ciwo ne dabam, shanyewar jiki, a garzaya asibiti a wannan sa'a. Wanda kuma ƙafafunsa ma suke mutuwa, ya nemi a gwada masa sukari.

Ban manta da tsoron uwargida ba, gama na san ba ita kaɗai take da shi ba. Gaskiya ne kuturta tana kashe yatsu. Amma yawanci takan zo da tabo a fata, mai haske ko ja-ja, wanda ba ya jin taɓi, sau da yawa kuma ta gefen ƙaramin yatsa take fara taɓa hannu. Duk da haka ba aikinmu ba ne mu yanke hukunci a ɗaki, aikin ma'aikacin lafiya ne. Ko da ma ita ce, zamanin Gwaggo ya wuce. Kuturta tana warkewa da ƙwayoyi na wata 6 ko wata 12, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da maganin kyauta. Wanda ya fara shan magani ba ya shafa wa kowa, wanda ya fara da wuri kuma yatsunsa ba sa lalacewa. Ko wanne ne daga cikin biyun, ɓoyewa ita take cinye hannu.

Yau hannun uwargida bai koma na budurwa ba. Lokacin kaka, in gyaɗa ta yi araha ta ƙara yawan suya, ko lokacin cirar albasa, abin yakan leƙo. Amma yanzu ta san shi. Takan ɗauko ɗaurinta daga ƙarƙashin matashi, ta koma ga zanen bango, ta kuma faɗa mini da bakinta. Ni ma in na yi yinin gyaran takardun jarrabawa nakan ajiye jan biro in yi miƙar nan biyu, har 'yan ajina sun koya. Guga kuwa har yanzu ni nake ja, maƙwabcin nan nawa ma ya gaji da dariya. Bara na gan shi a bakin rijiya da asuba, ya ce mini maiɗakinsa ce take da juna biyu, hannunta yana damunta. Na ba shi aron kalandar.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A gidajenmu da yawa hannu ɗaya ne yake ɗauke da ita, sauranmu muna zaune a inuwarta. Maigida, yau in an gama cin tuwo, ka ce wa uwargida ta miƙo hannuwanta. Ka dubi gindin babban yatsa na dama da na hagu, ka ga ko sun yi daidai. Ka tambaye ta ko yatsunta suna tashinta da dare, waɗanne ne kuma. In ta ce maka sauro ne, kada ka koma barci kamar yadda na yi.